Daga Ƙarar Pong Zuwa Muryar Kabira: Tarihin Kiɗan Gem ɗin Ƙwallo a Kaduna

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kawo, Badarawa, Unguwar Shanu, Unguwar Rimi ko Tudun Wada tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon shekarun 2000, akwai wasu kaɗe-kaɗe da ke kwance a kansa waɗanda bai san mai su ba. Ba a rediyo ya ji su ba, ba a gidan biki ba. A shagon gem ya ji su, daga bakin ƙaramar talabijin mai lasifika ɗaya, yana jiran layi ya zo kansa ya karɓi fad. Yau magidanci ne mai iyali, amma da za a kunna masa kiɗan zaɓen ƙungiya na Winning Eleven, kafin a kai rabi zai ƙarasa shi da baki.

Waɗannan kaɗe-kaɗe suna da tarihi, kuma tarihin nasu na ƙunci ne da dabara. Mutanen da suka tsara su ba su da ganga ko algaita, sai wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba. Kuma abin da ya iso kunnen yaran Kaduna ba daidai yake da abin da aka tsara a Japan ba, domin hanya ta taɓa shi kafin ya iso.

Burin da aka fara da shi

Gem na farko da ya yi kasuwa sosai a duniya na wasanni ne. A shekarar 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, wato ƙwallon tebur a fuskar talabijin: sanduna biyu da ɗigo ɗaya yana kai da komo. Mai kamfanin, Nolan Bushnell, ya nemi injiniyansa Allan Alcorn ya sa wa wasan shewar dubban 'yan kallo duk lokacin da aka ci maki. Alcorn ba shi da kayan yin haka, na'urar ma ba ta da wurin ajiye murya. Sai ya laluba cikin wayoyin da ke daidaita hoto, ya tsinto wasu 'yan ƙararraki da ke fita da kansu, ya haɗa su da lasifika. Abin da aka samu ke nan: ƙara ɗaya in ƙwallo ta bugi sanda, wata in ta bugi bango, wata in an ci.

Shewar da Bushnell ya nema ba ta samu ba a lokacin, amma ita ce masu gem ɗin wasanni suka yi ta bi har shekara ashirin. Da ba su iya kawo hayaniyar fili ba, sai suka cike gurbinta da kiɗa.

Muryoyi biyar kacal

Ranar 15 ga Yulin 1983 kamfanin Nintendo ya fito da na'urar Famicom a Japan, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. A cikinta akwai guntun da kamfanin Ricoh ya ƙera, kuma shi ne duka makaɗan gidan. Muryoyi biyar gare shi. Biyu masu kaifi ne, su ke ɗaukar karin waƙa. Ta uku mai taushi ce, tana riƙe ƙasan kiɗa. Ta huɗu ba ta da kari ko kaɗan, shuu kawai take yi irin na rediyon da ya ɓata tasha. Ta biyar tana iya maimaita ɗan guntun sautin da aka naɗa, amma tana cin wuri, don haka ba kowa ke taɓa ta ba.

Wurin kuwa shi ne babbar matsala. Kaset ɗin Famicom na farko bai wuce kilobait 40 ba, kuma a ciki za a zuba hoto, dokokin wasa da kiɗa baki ɗaya. Hoto guda da ake ɗauka da wayar hannu a yau ya ninka wannan sau da yawa. Saboda haka ba a naɗar kiɗa a kaset, umarni ake rubutawa: murya kaza ta yi sauti kaza na tsawon kaza. Na'urar ce ke kaɗa shi nan take duk lokacin da aka kunna ta.

Ga kuma wani ƙunci. Ƙarar bugun ƙwallo da usur ɗin alƙalin wasa ba su da muryar kansu, aro suke yi daga cikin biyar ɗin nan. Shi ya sa in ɗan wasa ya yi shot, sai a ji wani ɓangare na kiɗan ya ɗauke na ƙiftawar ido sannan ya dawo. Muryar nan ta huɗu kuwa aiki biyu take yi: in an gajarta ta, ta zama ganga, in an ja ta an ƙara mata ƙarfi, ta zama ihun 'yan kallo bayan an zura ƙwallo a raga.

Da yake kiɗan gajere ne kuma zai yi ta juyawa har a tashi wasa, dole karinsa ya zama mai kama kunne, wanda ba ya gundura da wuri. Nan gwanintar take. Koji Kondo, wanda ya shiga Nintendo a 1984 kuma duniya ta san shi da kiɗan Super Mario, shi ya yi wa gem ɗin Soccer na 1985 kiɗa. Kazuo Sawa na kamfanin Technos ya yi na Nintendo World Cup a 1990, wasan nan da babu fawul a cikinsa, inda ake banke ɗan wasa ya faɗi idanunsa a waje. Ɗan'uwansa na 1993, wanda kasusuwan jabu suka yaɗa da sunan Goal 3, ya bi sawunsa. A kamfanin Tecmo kuma, Keiji Yamagishi na cikin waɗanda suka yi kiɗan Captain Tsubasa, wanda ya fara fitowa a 1988. A kashi na biyu na wannan wasa, na 1990, kiɗa yana sauyawa gwargwadon wanda ke riƙe da ƙwallo: in tana ƙafar naka, kiɗan zuga ne; in abokan gaba sun ƙwace, sai ya koma na fargaba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima. A dandalin dambe kalangu ba ado ba ne, shi ke tsuma ɗan dambe, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa tsuma Shago. Aikin da kiɗan waɗannan gem ya yi ke nan. Hoton 'yan wasan ƙanana ne, ba fuska ba gumi, filin kuma kore ne fayau. Kiɗan ne ke gaya wa yaro cewa abin da yake yi babba ne.

Yadda ya iso Kaduna

Nintendo bai taɓa buɗe kasuwar a-zo-a-gani a Najeriya ba a wancan zamani. Na'urorin asali sun shigo jefi-jefi, tsarabar wanda ya je Ingila, Amurka ko Saudiyya, kuma yawanci a gidajen manyan ma'aikata da hafsoshin soja suke tsayawa, irin na Malali da Unguwar Rimi ta Turawa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sayen irin wannan kaya ya ƙara nisa da talaka.

Abin da ya kai gem cikin unguwa shi ne na'urar kwaikwayo. Kamfanoni a Taiwan, daga baya kuma a Sin, sun kwafi cikin Famicom suka riƙa ƙera irinta da araha, da sunaye barkatai. Ta Legas suke shigowa, musamman kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Kano da Kaduna, su baje a shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello da babbar kasuwar gari, wadda daga baya aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi. Da su ake haɗo kaset mai launin rawaya wanda aka rubuta wa cewa yana ɗauke da dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa.

Kwaikwayon ya taɓa kiɗan ta hanya biyu. Ta farko ita ce sauri. Talabijin ɗin Japan da Amurka yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu na Najeriya kuwa, mai bin tsarin PAL irin na Ingila, sau 50 yake yi. Su kuma waɗannan gem da sabuntawar hoto suke ƙirga bugun kiɗa. Da aka sa kaset ɗin Japan a na'urar da aka daidaita da talabijin ɗinmu, sai komai ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Kiɗan da aka tsara ya yi bugu 150 a minti, a Kawo 125 yake yi. 'Yan wasan ma gudunsu ya ragu daidai da haka.

Ta biyu ita ce launin murya. Muryoyin nan biyu masu kaifi suna da salo huɗu da mai tsara kiɗa ke zaɓa, daga siririya zuwa kakkaura. A yawancin guntayen kwaikwayo an yi kuskuren musanya biyu daga cikinsu. Inda mai kiɗa ya nemi siririyar murya sai kakkaura ta fito, inda ya nemi kakkaura sai siririya. Ke nan yaran Kaduna, tare da takwarorinsu na Rasha, Masar da sauran ƙasashen da jabun ya mamaye, sun tashi da wani kiɗa da mai shi bai taɓa tsarawa haka ba. Shi ya sa mutum kan nemo kiɗan a intanet yau, ya ji kamar ana gaggawa, ya rantse cewa ba haka yake ba. Kunnensa bai yi ƙarya ba.

Daga falon gida gem ya fito bakin titi. Matashi mai ɗan jari zai kama shago, ya jera benci, talabijin biyu ko uku da ƙaramin janareto saboda halin NEPA. Ana biya ne a kan kowane wasa, kuma a wurare da dama wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Iyaye da malaman Islamiyya ba su yi maraba da abin ba, don ya ja yara da yawa daga karatu da aike. Sau da dama kiɗan ne ma ke tona asiri: mai neman ɗansa ba ya buƙatar tambaya, kunne zai bi har ƙofar shago.

Kiɗa ya bar fili

Zango na biyu ya zo da manyan na'urori biyu. Sega ya fito da Mega Drive a Oktoban 1988, da guntun sauti na kamfanin Yamaha mai muryoyi shida. Fasahar da ke cikinsa wani malamin kiɗa ne a Jami'ar Stanford, John Chowning, ya gano ta a 1967, Yamaha ya karɓi izinin amfani da ita. Ita ke ba kiɗan Sega wannan amo mai kama da ƙarfe, mai duka a ƙirji. Nintendo ya mayar da martani a Nuwamban 1990 da Super Famicom, wadda aka fi sani da Super Nintendo. Guntun sautinta wani injiniyan Sony ne mai suna Ken Kutaragi ya tsara shi: muryoyi takwas, kuma kowace tana iya maimaita sautin gaske da aka naɗa, ko na ganga ne, ko na kakaki, ko na mutum.

A nan ne burin Bushnell ya cika. A Disambar 1993 kamfanin EA ya fito da FIFA International Soccer a kan Sega, kuma abin da ya fi jan hankali a cikinsa shi ne 'yan kallo: suna shewa, suna waƙe-waƙen fili, suna gunaguni in an ɓarar da dama. A Nuwamban 1994 Konami ya kawo International Superstar Soccer a kan Super Nintendo, sai wanda aka ƙara wa gyara, mai laƙabin Deluxe, a 1995. A cikinsu akwai ganguna daga wajen 'yan kallo, da muryar mutum mai sanar da kwana, fenariti da cin ƙwallo.

Da hayaniyar gaske ta samu, sai kiɗa ya rasa aikinsa na cikin fili. Ya koma bakin ƙofa: buɗe wasa, zaɓen ƙungiya, tsara 'yan wasa, hutun rabin lokaci da ɗaga kofi. Amma a shagon gem wannan bai rage masa daraja ba. Wurin zaɓen ƙungiya nan ne ake cacar baki, nan ake gardamar wa zai ɗauki Brazil, nan ake sauya tsari ana jan rai. Kiɗan da ke juyawa a wannan lokaci ya fi kowane shiga kai.

Lokacin ya kuma dace da tashen ƙwallon Najeriya, kuma Kaduna na tsakiyarsa. Ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin zakarun kofuna ta Afirka a 1988. A gasar duniya ta 1994 a Amurka, Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a tarihin gasar, a wasan da aka doke Bulgeriya da ci 3 da nema, kuma Daniel Amokachi, wanda ya fito daga Ranchers Bees, ya ƙara ta biyu. A wasan ƙarshe na Olamfik a 1996, da aka ci Ajantina 3 da 2, Celestine Babayaro da Amokachi suka ci biyu daga ciki, dukansu 'yan Kaduna. Yaron da ya zaɓi kore da fari a shagon gem ba baƙi yake turawa ba, 'yan garinsu ne.

Zamanin faifai

Kutaragi ɗin nan da ya yi wa Nintendo guntun sauti, shi ne ya jagoranci ƙera PlayStation, wadda Sony ya fitar ranar 3 ga Disambar 1994. Ita da faifan sidi take aiki. Kaset ɗin Sega ko Super Nintendo yawanci bai wuce megabait huɗu ba, faifai kuwa kusan 650. Ƙuncin da ya haifi wancan salo na kiɗa ya kau a dare ɗaya. Yanzu ana iya naɗar cikakkiyar waƙa daga situdiyo, da sharhin mutum na tsawon wasa.

EA da Konami sai suka raba hanya. EA ya ɗauko fitaccen mai sharhin BBC, John Motson, tun daga FIFA 96, sannan ya shiga hayar waƙoƙin da suka riga suka yi suna. FIFA 98, wanda ya fito a 1997, ya buɗe da waƙar ƙungiyar Blur ta Ingila mai suna Song 2, FIFA 99 ya zo da Fatboy Slim, FIFA 2000 da Robbie Williams. Daga nan shiga jerin waƙoƙin FIFA ya zama wata babbar hanyar tallata mawaƙi a duniya.

Konami kuwa ya daɗe yana dogara da makaɗan cikin gida, waɗanda ke tsara kaɗe-kaɗen jita da ganga marasa waƙa don Winning Eleven, jerin da ya fara a 1995. Sai a fitowar 2002 aka ji ya buɗe da waƙar ƙungiyar Queen. Amma a Kaduna, kamar sauran biranen Najeriya, Winning Eleven ne ya ci kasuwa, domin ƙwallonsa ta fi kama da ta gaske, kuma da zarar mai gyara ya dasa wa na'ura ɗan guntun da ke sa ta karɓi kwafin faifai, sauran mai sauƙi ne. Mafi yawan faifan na Japan ne. Rubutun ba mai iya karantawa, haddace wurin kowane abu ake yi. Sautin da ya zama tambarin wasan kuwa ba kiɗa ba ne, muryar Jon Kabira ce, ma'aikacin rediyo ɗan asalin Okinawa, wanda ke sharhi da Japananci cikin kururuwa da zumuɗi. Yaran da ba su san kalma ɗaya ta harshen ba sun haddace jawabansa, suna maimaita su a filin ƙwallon unguwa.

A cikin wannan wasa ne wani ɗan Kaduna ya yi sunan da ya zarce na fili. Tijjani Babangida, wanda ya koma Ajax a 1996, yana cikin 'yan wasan da Konami ya ba maki mafi girma a gudu. Da aka ƙirƙiro gasar Master League a 1999, inda mutum ke gina ƙungiyarsa da saye, masu gem daga Brazil har Indunusiya sun san cewa sayen Babangida a ajiye shi a gefe hanya ce ta cin kofi. Har yau akwai ƙasashen da aka fi saninsa ta gem fiye da ta Ajax.

Da PlayStation 2 ta zo a 2000, masu kwafin faifai suka ƙware wajen yi wa wasan kwaskwarima: su sabunta 'yan wasa da riguna, su cire kiɗan Konami su zuba waƙoƙin da ke tashe a ƙasarsu. A karo na biyu ke nan kasuwar bayan fage ta sauya abin da kunne ke ji, sai dai wannan karon da gangan ne.

Abin da ya rage

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da shagunan gem ke cika, situdiyoyin Kano sun rungumi fiyano ƙirar Yamaha, kuma da ita aka gina kiɗan finafinai irin su Sangaya. Ashe kamfani guda ne ya ƙera sautin Sega da kuma na'urar da ta haifi kiɗan fim ɗin Hausa. Tsarar da ta girma da ɗaya ita ta girma da ɗayan, kuma dukansu sun nuna abu guda: mai basira yana iya fitar da abin tunawa daga kayan aiki kaɗan.

Yau yawancin tsofaffin shagunan sun zama gidajen kallon ƙwallo ko wuraren cajin waya, waɗanda suka rage kuma sun koma sababbin PlayStation. Konami ya sauya wa wasansa suna zuwa eFootball a 2021, EA ya rabu da sunan FIFA a 2023. Waƙar Najeriya ta riga ta shiga ciki: Nneka ta fito a FIFA 10, Rema da Fireboy DML a FIFA 21. Amma waɗannan duka daga kudu suka fito. Garin da ya ba gem Yekini, Amokachi, Babayaro, Garba Lawal da Babangida ya ba da ƙafafu, sauti kuwa karɓa kawai ya yi.

Wannan gurbi ne da ya kamata masu situdiyo da matasan da ke koyon ƙera manhaja a Kaduna su duba. Kalangu, kotso da kakaki kayan zuga ne tun asali, an yi su ne don fili da taro, kuma gem ɗin dambe, kokawa ko langa ba zai yi armashi da jitar Turawa ba. Kondo da Sawa da muryoyi biyar suka yi aikin da ake tunawa bayan shekara talatin da ɗoriya. Wayar da ke aljihun kowane matashi a Kawo ta fi na'urarsu ƙarfi nesa ba kusa ba, saura a zauna a yi aikin.